Amurka da Sauran Ƙasashen Duniya, Daga Zamanin Cacar Baka Zuwa Yau

Zamanin nan da Amurka da Rasha suka yi ta ja-in-ja, watau tun daga 1947 har 1991, da Hausa ana kiransa "yaƙin cacar baka." Ga mai nazarin harshe wannan suna abin a tsaya a duba ne. Turawa da sanyi suka siffanta zamanin, don manyan biyu ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba. Bahaushe kuwa da baki ya siffanta shi, kuma ba abin mamaki ba ne, don ta kunne yaƙin ya fi iso masa. Gidan rediyon London ya soma magana da Hausa a 1957, na Masko da na Bejin suka biyo, Muryar Amurka ta shigo a 1979, ko wanne yana yabon nasa yana kushe na wani. To, amma sunayen nan biyu duk sun rufe wani abu. A Turai ne aka tsaya ga baki. Mutumin Koriya, da na Biyetnam, da na Angola, jini suka gani.

Nufina a cikin wannan takarda shi ne in bi sawun siyasar Amurka game da ƙasashen waje tun daga wancan zamani har zuwa 'yan shekarun nan. Ba shi yiwuwa a kawo kome da kome, don mutum 14 ne suka riƙe shugabancin ƙasar daga Truman zuwa Trump. Abu guda na ke so in nuna. A mafi yawan wannan lokaci Amurka ta kan auna ko wace ƙasa da mudun babban abokin gabanta. Tambayar da a ke fara yi a Washington ita ce, "Wannan ƙasa, namu ce ko tasu?" Tambayar abin da ya ke damun mutanen ƙasar su kansu, ita ta kan zo daga baya, in ma ta zo. Inda mudun nan ya dace da wurin, ya yi amfani ƙwarai. Inda bai dace ba kuwa, ya jawo bashi, wanda galibi wani shugaba ya kan ci, wani ya biya.

I. Fitowa daga gida

Da can shiga rigimar Turai ba al'adar Amurka ba ce. A 1796 George Washington ya bar wa ƙasarsa wasiyya ta guji ƙulla ƙawance na dindindin da wata ƙasa. A 1823 Shugaba Monroe ya ja wa Turawa kunne su fita harkar yankin Amurka, ita ma za ta fita tasu. Ko bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Majalisar Dattawa ta ƙi yarda ƙasar ta shiga Ƙungiyar Al'ummai, alhali kuwa shugabanta Wilson ne ya fi kowa fafutukar kafa ta.

Yaƙin Hitila ne ya karya wannan al'ada. A 1945 biranen Turai da na Japan sun zama kufai, Ingila ta talauce, Amurka kuwa ita ke ƙera kusan rabin kayan masana'antun duniya, kuma ita kaɗai ke da bam na atom. Wanda ya rage a tsaye bayanta sai Tarayyar Sobiyet, wadda ta yi hasarar rayuka fiye da miliyan 20, amma sojanta na zaune har tsakiyar Jamus.

A watan Fabrairu 1946 wani ma'aikacin ofishin jakadancin Amurka a Masko, George Kennan, ya bugo doguwar waya zuwa gida. Ya ce shugabannin Rasha ba su amince da kowa ba, kuma za su matsa duk inda suka ga sarari, amma ba masu ganganci ba ne, in sun ci karo da ƙarfi su kan ja da baya. Shawararsa ita ce a killace su da haƙuri har tsarinsu ya ruɓe daga ciki. Kalmar da ya yi amfani da ita ma'anarta riƙe abu a mazubinsa kada ya malala, "killacewa" ita ce ta fi kusa da ita a Hausa. Sai dai a lura, Kennan bai ce a kewaye duniya duka da shinge ba. A ganinsa wuraren da ke iya ƙera kayan babban yaƙi biyar ne: Amurka, da Ingila, da Jamus da kewayenta, da Japan, da Rasha. Muddin Rasha ba ta sami ɗaya daga cikin huɗun nan ba, to, bukata ta biya.

Ran 12 ga Maris 1947 maganar ta sāke kama. Ingila ta ce ba ta da halin ci gaba da taimakon Girka da Turkiyya, sai Shugaba Truman ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 400 don ƙasashen biyu. Da ya ke 'yan majalisa ba su son kashe kuɗi, sai ya faɗaɗa maganar. Ya ce duniya ta rabu gida biyu, gidan 'yanci da gidan danniya, kuma wajibi ne Amurka ta agaza wa duk wata al'umma da a ke neman murƙushewa. Tun a shekarar wani shahararren ɗan jarida, Walter Lippmann, ya yi kashedi cewa alkawari marar iyaka irin wannan zai tilasta wa Amurka jingina da 'yan barandan da ba ta san halinsu ba. Tarihi bai ƙaryata shi ba.

A Turai dai abin ya yi kyau. Shirin Marshall ya zuba wajen dala biliyan 13 daga 1948 zuwa 1952, masana'antu suka farfaɗo. Da Rasha ta toshe hanyoyin Balin a 1948, sai aka ciyar da birnin ta jirgin sama kusan shekara guda. A 1949 ƙasashe 12 suka kafa ƙawancen NATO. Dalilin nasarar a fili ya ke: mutanen Yammacin Turai su ma tsoron Rasha su ke yi, watau abin da ke damunsu da abin da ke damun Amurka ɗaya ne. Abin da tankokin Rasha suka yi a Hungari a 1956 da Cekoslobakiya a 1968 ya nuna tsoron nasu ba na banza ba ne.

II. Shinge ya faɗaɗa

A 1949 Rasha ta gwada nata bam ɗin, 'yan gurguzu kuma suka ci ƙasar Sin. A Yuni 1950 Koriya ta Arewa ta auka wa ta Kudu. Amurka ta shiga da tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi shekara uku ana gwabzawa, ta rasa mutum wajen 36,000, Koriyawa kuwa miliyoyi, aka tsaya kusan inda aka fara. Cikin shekarun nan kuɗin da Amurka ke kashewa ga soja ya ninka fiye da sau uku. Daga nan killacewa ta tashi daga dabarar siyasa da arziki, ta koma aikin soja da na leƙen asiri a ko'ina. Kennan kansa ya yi ta kukan an juya maganarsa.

Wannan ya zo daidai da lokacin da ƙasashen Asiya da Afirka ke fita daga mulkin mallaka. Su damuwarsu ita ce 'yancin kai, da mallakar arzikin ƙasa, da rabon gonaki. A Washington kuwa duk wanda ya taɓa waɗannan abubuwa, sai a duba ko hannun Masko na bayansa. John Foster Dulles, sakataren harkokin waje na Shugaba Eisenhower, ya ɗauki zama 'yan ba-ruwanmu kamar rashin ɗa'a ne.

Misali mafi girma shi ne Iran. A 1951 Firayim Minista Muhammad Musaddiƙ ya mai da man fetur hannun ƙasa, ya karɓe shi daga kamfanin Ingila. Shi ɗan kishin ƙasa ne, ba ɗan gurguzu ba. Amma Ingila ta shawo kan Amurka cewa in aka bar shi 'yan gurguzu za su ci ƙasar. A Agusta 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA da takwararta ta Ingila suka shirya juyin mulki, aka kifar da shi, aka ƙarfafa Sarki Muhammad Riza Pahlawi. Hukumar ta amsa hannunta a fili a 2013. A 1954 aka yi wa Jacobo Arbenz na Gwatamala haka, bayan ya raba wa manoma filayen da wani kamfanin ayaba na Amurka ya bari ba noma. Ayyukan nan biyu sun zo da araha, suka kuma ƙare da sauri, saboda haka aka zaci an sami magani.

Don adalci ya kamata a ambaci Suwez. A 1956, da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari, Eisenhower ya matsa musu da ƙarfin kuɗi har suka janye. Ko nan ma lissafin Rasha na ciki, don ya ji tsoron harin zai tura Larabawa hannunta. Amma ya nuna in aka yi la'akari da zuciyar mutanen wuri, lissafi ya kan fita dabam.

III. Kyuba da Biyetnam

A Oktoba 1962 aka gano Rasha ta girka makamai masu linzami a Kyuba. Kwana 13 duniya na bakin halaka. Abin da ya warware rikicin shi ne Kennedy da Khrushchev ko wanne ya bar wa ɗan'uwansa ƙofar fita. Rasha ta kwashe makamanta, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a asirce kuma ta yarda ta janye nata daga Turkiyya. A 1963 aka haɗa layin gaggawa tsakanin biranen biyu, aka kuma hana gwajin bam a sarari. Tsakaninsu su biyu manyan sun koyi taka-tsantsan. A ƙasashen wasu ne ba su koya ba.

Ho Chi Minh ɗan gurguzu ne, babu shakka, amma mutanen Biyetnam sun bi shi ne don korar Faransa. Da ya yi shelar 'yancin ƙasarsa a 1945 har ya ari kalmomi daga takardar 'yancin Amurka. Duk da haka, kafin 1954 Amurka ce ke biyan mafi yawan kuɗin yaƙin Faransa a can. A shekarar Eisenhower ya kawo misalin 'yan katakon wasa da a ke jerawa a tsaye, in na farko ya faɗi sai ya ture sauran. Da wannan misali aka shiga. Bayan ƙudurin Tonkin na 1964 sojan Amurka suka yi ta ƙaruwa har suka haura 500,000 a 1968. Mutum fiye da 58,000 suka mutu a cikinsu, na Biyetnam kuwa miliyoyi. Aka janye a 1973, Saigon ta faɗi a 1975.

Me ya biyo baya? Laos da Kambodiya sun faɗi, amma Tailan da Malesiya da sauran suka tsaya. A 1979 kuwa Sin da Biyetnam, 'yan gurguzu duka biyu, suka gwabza da juna, don gabarsu ta girmi gurguzu da ɗaruruwan shekaru. Robert McNamara, wanda ya ke sakataren tsaro a lokacin da aka zurfafa yaƙin, ya rubuta a 1995 cewa sun yi kuskure, kuma cikin dalilan da ya kawo har da jahiltar tarihin mutanen da raina kishin ƙasarsu.

Shugaba Nixon da Henry Kissinger su ne suka yi amfani da ɓarakar da ke tsakanin 'yan gurguzu. Sun ga Sin da Rasha sun yi faɗa a kan iyaka a 1969, sai Nixon ya tafi Bejin a Fabrairu 1972, ya kuma je Masko a Mayu aka sa hannu a kan ƙayyade makamai. Wannan basira ce. Amma ba ta kai ga ƙananan ƙasashe ba, don gwamnatin nan ce ta yi ta yi wa Salvador Allende na Cile zagon ƙasa, har soja suka hamɓare shi a 1973.

IV. Afirka a cikin mudu

Kongo ta sami 'yanci ran 30 ga Yuni 1960, cikin makonni soja suka yi bore, lardin Katanga ya ɓalle da goyon bayan Beljiyam. Patrice Lumumba ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya, ta aiko rundunar da sojan Nijeriya ma suka yi aiki a cikinta, amma ta ƙi murƙushe masa Katanga. Sai ya nemi jiragen Rasha. Wannan kaɗai ya isa. Binciken Majalisar Dattawan Amurka na 1975 ya tabbatar da CIA ta shirya sa masa guba, ko da ya ke ba ta hannunta ya mutu ba: 'yan Katanga da hafsoshin Beljiyam ne suka harbe shi a Janairu 1961. Mobutu ya karɓi mulki a 1965, ya riƙe har 1997, yana wawure dukiyar ƙasa, ana kau da kai don "namu ne."

A Angola a 1975 Amurka ta goyi bayan ƙungiyoyin FNLA da UNITA don Rasha da Kyuba na bayan MPLA. Wannan ya sa ta a layi ɗaya da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda sojanta suka kutsa ƙasar. Ga 'yan Afirka kuwa wariya ce babbar cuta. Saboda haka Janar Murtala Muhammad ya amince da gwamnatin MPLA a Nuwamba 1975, da Shugaba Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman jan ra'ayinsu, gwamnatin Nijeriya ta fito da wasiƙar fili ta yi tir da ita. A Janairu 1976 Murtala ya tsaya a Adis Ababa ya ce lokacin karɓar umurni daga waje ya wuce.

Abin da ya faru a 1977 shi ya fi tona asirin mudun. Da, Habasha ce ta Amurka, Somaliya ta Rasha. Bayan soja sun kifar da Haile Selassie, Mengistu ya juya wa Masko, yaƙin Ogaden ya ɓarke, sai Rasha ta bar Siad Barre, shi kuma ya koma wa Amurka. Mutumin bai sāke hali ba ko kaɗan, riga kawai ya sāke. A nan ya kamata a faɗi cewa masu mulki da yawa sun gane mudun, suka ci moriyarsa. Ka ce kana yaƙi da gurguzu, a ba ka bindiga, ka juya ta ga 'yan adawarka.

V. Shekarar 1979

A Fabrairu 1979 bashin 1953 ya zo biya. Juyin juya hali ya share mulkin Sarkin Iran, a Nuwamba ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka, suka riƙe mutum 52 kwana 444. Amurkawa da yawa ba su san me ya jawo ƙiyayyar ba, Iraniyawa kuwa ba su mance Musaddiƙ ba.

A Disamba na shekarar Rasha ta shiga Afganistan, sai aka ci sabon bashi. Tun zamanin Carter, sa'an nan da ƙarfi a zamanin Reagan, Amurka da Saudiyya suka yi ta tura kuɗi da makamai ga mujahidai ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan, wadda ta kan fifita ƙungiyoyin da suka fi tsauri. A 1986 aka ba su makamin Stinger mai kaɓo jirgi. A gefe guda kuma, don a taka wa Iran birki, aka kusanci Saddam Husaini: an cire Iraƙi daga jerin masu taimakon ta'addanci a 1982, aka mai da jakadanci a 1984.

Reagan ya fara da kakkausan harshe da tara makamai, amma da Gorbachev ya zo ya gane mutum ne dabam, suka yi yarjejeniyar 1987 ta kawar da makamai masu matsakaicin zango. Rasha ta fita Afganistan a Fabrairu 1989, katangar Balin ta faɗi a Nuwamba, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamba 1991. Ta ruɓe daga ciki kamar yadda Kennan ya hango, ba a harba bam na atom ko ɗaya ba. Wannan nasara ce babba, ba ta kuwa da mai musunta ta.

VI. Babu abokin gaba

Da aka rasa abin aunawa, sai wurare da yawa suka faɗi daga lissafi. Afganistan aka bar ta da tarin makamai da yaƙin basasa, Taliban suka ci Kabul a 1996. Siad Barre ya faɗi a 1991, Somaliya ta wargaje. Sojan Amurka sun je kai abinci a Disamba 1992, aka kashe 18 daga cikinsu a Mogadishu a Oktoba 1993, aka janye. Tsoron maimaita wannan ya sa da kisan ƙare-dangi ya tashi a Ruwanda a Afril 1994, jami'an Amurka suka yi ta kauce wa kiran abin da sunansa, don sunan na ɗauke da wajibi. Mutum wajen 800,000 suka halaka. Clinton ya je Kigali a 1998 ya yi nadama.

Saddam kuwa ya mamaye Kuwait a Agusta 1990. Bush na farko ya sami izinin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya haɗa ƙasashe da yawa, ya kore shi a 1991, ya kuma tsaya bai nufi Bagadaza ba. A Turai aka kashe wutar Bosniya a 1995, aka yi wa Sabiya ruwan bama-bamai saboda Kosobo a 1999 ba da izinin Kwamitin Sulhu ba. A shekarar nan Polan da Hungari da Jamhuriyar Cek suka shiga NATO, wasu bakwai suka biyo a 2004. Ƙasashen nan su suka nema, don sun ɗanɗana mulkin Masko. Kennan kuwa, yana da shekara fiye da 90, ya rubuta a 1997 cewa faɗaɗawar babban kuskure ne da zai ta da kishin Rashawa. Masana har yanzu na jayayya a kan wane ne ya fi gaskiya.

VII. Sabon abokin gaba, tsohon mudu

Ran 11 ga Satumba 2001 'yan Alƙa'ida, ƙungiyar da ta tsiro daga cikin Larabawan da suka je yaƙin Afganistan, suka kashe mutum kusan 3,000 a Amurka. Bush na biyu ya ce ko wace ƙasa ta zaɓa, ko tana tare da Amurka ko tana tare da 'yan ta'adda. Mai karatu zai ga ginin jimlar nan ɗaya ne da na Truman, suna guda kawai aka musanya. Sai dai akwai bambanci: Rasha ƙasa ce, tana da iyaka da gwamnati, ana iya killace ta, ana iya sulhu da ita. Ta'addanci kuwa dabara ce, ba ta da babban birnin da za a ci yaƙi ya ƙare.

An shiga Afganistan a Oktoba 2001, aka shiga Iraƙi a Maris 2003 bisa zargin Saddam na da makaman ƙare-dangi. Cikin hujjojin da aka kawo har da cewa ya nemi yuraniyam daga Afirka, watau Nijar. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta bayyana tun kafin a fara yaƙin cewa takardun jabu ne. Ba a sami makaman ba. A Mayu 2003 aka rushe sojan Iraƙi, aka bar dubban ɗaruruwan mutane masu sanin bindiga ba aiki. Amurka ta rasa soja wajen 4,500, Iraƙawa dubban ɗaruruwa suka mutu, Iran ta ƙara ƙarfi, a 2014 kuma ƙungiyar IS ta ci Mosul.

Obama ya zo da niyyar rage nauyin nan, ya ƙulla yarjejeniyar nukiliya da Iran a 2015. Amma a 2011 ya shiga harin Libiya, da Gaddafi ya faɗi makamansa suka watsu cikin Sahara, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012. Shi da kansa ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne mafi munin kuskurensa. Trump ya fita daga yarjejeniyar Iran a 2018, ya yi sulhu da Taliban a 2020, Biden ya cika janyewa, Kabul ta koma hannun Taliban a Agusta 2021, bayan shekara 20.

Ba duk aikin zamanin nan ne na bindiga ba. Shirin yaƙi da cutar ƙanjamau da Bush ya kafa a 2003 ya ceci rayuka miliyoyi, galibinsu a Afirka. An gina shi ne bisa bukatar mutanen wuri, kuma yana cikin ayyukan Amurka da ba a cika jin kuka da su ba.

Tun wajen 2017 kuma takardun tsaron Amurka suka koma maganar gasa da manyan ƙasashe. An sa wa kayan Sin haraji daga 2018, da Rasha ta auka wa Yukren a Fabrairu 2022 Amurka ta jagoranci taimaka mata. Trump ya dawo a Janairu 2025 da taken Amurka ce farko, a shekarar aka rushe hukumar ba da agaji ta USAID wadda Kennedy ya kafa a 1961. Wannan ya fi kama da tsohuwar al'adar da muka fara da ita, ta gudun ɗaukar nauyin wasu.

VIII. Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, Amurka ta fi samun biyan bukata inda abin da ta ke tsoro shi mutanen wurin ke tsoro, kamar Yammacin Turai da Koriya ta Kudu, ko inda ta dubi abokin gaba ta ga yadda ya ke a zahiri, kamar Sin a 1972 da Gorbachev a 1987. Ta fi yin hasara inda ta ɗauki rikicin gida ta fassara shi da harshen babbar gasa. Wannan ba halin Amurka kaɗai ba ne, Rasha ma shi ya kai ta Afganistan.

Misali na kusa da mu ya isa rufe magana. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ya soma aiki a 2019, don yaƙi da ta'addanci. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 dokarta ta tilasta mata dakatar da taimako. A Maris 2024 wakilanta suka je Yamai, suka nuna damuwa da kusantar da sabbin masu mulki ke yi da Rasha da Iran. Cikin kwanaki gwamnatin Nijar ta soke yarjejeniyar soja, tana cewa ana neman hana ta zaɓen abokan hulɗarta, a Satumba 2024 sojan Amurka suka gama ficewa. Tambayar da aka yi wa Musaddiƙ da Lumumba, ita aka sāke yi a Yamai. Malamin da zai koyar da wannan tarihi ya kamata ya saba wa ɗalibansa da tambaya ta biyu a ko wane babi: su mutanen ƙasar, mene ne ya ke damunsu a lokacin, wa ya ci moriyar zaɓen da aka yi, wa kuma ya biya kuɗinsa?